Gyaran karkacewar hoto a endoskof mai ƙaramin madubi

Gyaran karkacewar hoto a endoskof (na'urar da likitoci ke leƙa cikin jiki da ita) mai ƙaramin madubi aiki ne na awo da lissafi, wanda ake yi don a mayar da hoton cikin jiki kan ainihin siffarsa bayan motsin madubin ya miƙe wani sashe ko ya lanƙwasa shi. Irin wannan na'ura ba ta ɗaukar hoto a dunƙule kamar kyamara. Siririn hasken leza ne ke fitowa ta zaren gilashi, madubi mai faɗin kimanin milimita ɗaya ko biyu ya riƙa yawo da shi a kan nama, kwamfuta kuma ta jera hasken da ya dawo ɗigo-ɗigo. Muddin kwamfutar ta kuskure inda madubin ya fuskanta, ɗigon zai faɗa gurbin da ba nasa ba.

Tarihi

Leƙa cikin jiki da madubi tsohon abu ne. A wajajen 1806 Philipp Bozzini, likita a birnin Frankfurt na Jamus, ya haɗa bututu da kyandir da madubi don wannan aiki. Sunan endoskof ana danganta shi ga likitan Faransa Antonin Desormeaux, a 1853. A 1957 Basil Hirschowitz da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan ta Amurka suka fito da endoskof mai lanƙwasuwa na zaren gilashi.

Madubin kuwa daga masana'antar lantarki ya zo. Kurt Petersen na kamfanin IBM ya bayyana madubin silikon mai juyawa a 1980, kuma daga irinsa madubin MEMS na yau, wato ƙananan madubai masu motsi da ake ƙerawa a kan silikon, suka samo asali. A 1991 ayarin James Fujimoto a jami'ar MIT ta Amurka ya gabatar da OCT, dabarar da ke hango abin da ke ƙarƙashin fatar nama har zurfin milimita ɗaya zuwa biyu. A 2001 Yingtian Pan da Huikai Xie da Gary Fedder suka sa madubin MEMS a cikin endoskof na OCT.

Musabbabi

Babban dalili shi ne yadda madubin ke kaɗawa kamar lilo: yana gudu a tsakiya, ya rage a gefe kafin ya juyo. Kwamfuta kuwa tana ɗibar haske ne a tazarar lokaci iri ɗaya, saboda haka ɗigon gefe sun fi yawa, sai abin da ke gefen hoton ya fito a miƙe, na tsakiya a matse. Akwai kuma jinkiri tsakanin umarnin lantarki da motsin madubin, kuma zafi na canza shi. Idan ana ɗiba a zuwa da dawowa, layukan ba sa haɗuwa, hoton ya zama bibbiyu.

A OCT akwai ƙarin matsala. Hasken yana bazuwa daga wuri guda kamar mafici, don haka shimfiɗaɗɗen abu ya kan fito a lanƙwashe. Girke madubin a karkace, da bututun gilashin da ke kare shi, su ma suna ƙara nasu.

Hanyoyin gyara

Kafin amfani da na'urar ana ɗaukar hoton allo mai gidaje daidai wa daida, kamar gidajen dara. Ana gwada inda kowace mahaɗar layi ta fito da inda ya kamata ta kasance, a adana bambancin a jadawali, manhaja ta riƙa sake jera ɗigon kowane hoto da shi, ta cike giɓi daga ɗigon maƙwabta. Wasu suna gyara umarnin lantarkin ne tun kafin ya isa ga madubin. Wasu kuma suna liƙa ma'aunin da ke faɗin matsayin madubin kowane lokaci, sai dai bakin endoskof wuri ne matsattse.

Amfani

Yawancin waɗannan na'urori har yanzu a ɗakunan bincike suke. Gyaran ya fi muhimmanci inda za a auna kaurin nama ko girman ciwo. Masana ba su daidaita kan irin madubin da ya fi ba: mai aiki da zafi yana juyawa sosai da ƙaramin ƙarfin lantarki (volt kaɗan) amma ba shi da sauri, mai aiki da jan lantarki kuwa yana da sauri amma yana buƙatar volt mai yawa.