Mene ne kuɗin haɗin gwiwa na UBEC, kuma me ya sa yake kwana a asusu?

Kusan duk shekara sai labarin ya dawo a rediyo: biliyoyin nairori na jibge a UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, jihohi ba su je sun ɗauka ba. Mai sauraro yakan riƙe baki ya ce yaushe gwamna ya fara ƙin kuɗi? Abin da masu karanta labarai ba su cika tsayawa su fayyace ba shi ne, wannan kuɗi yana tafe da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ake kira kuɗin haɗin gwiwa.

Ma'anarsa a taƙaice: gwamnatin tarayya ta ware wa kowace jiha wani kaso domin ilimin matakin farko, amma ba za ta saki ko kwabo ba sai jihar ta ajiye daidai wannan adadi daga aljihunta. Idan an ware mata biliyan ɗaya, ta kawo biliyan ɗaya, a haɗa ya zama biyu. Kamar uban da ya ce wa ɗansa, nemo rabin kuɗin keke in cika maka. In ɗan bai kawo ba, rabin uban yana nan a ajiye, keke kuma babu.

Tushen abin yana cikin dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004. Shirin kansa Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shi a Sakkwato a 1999, sai dai ya yi shekaru ba shi da ƙafar tsayawa a shari'a. Dokar ce ta wajabta karatu kyauta na shekara 9, wato 6 a firamare da 3 a ƙaramar sakandare, ta kafa UBEC a Abuja, ta kuma ce a riƙa cire aƙalla kashi 2 cikin 100 na babban asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin wannan aiki. A jihohi kuwa hukumomin ilimin bai-ɗaya na jiha, wato SUBEB, ne ke riƙe da ragamar. Dalilin sa sharaɗin a fili yake. Firamare nauyin jihohi da ƙananan hukumomi ne, tarayya mai tallafi ce kawai, kuma masu tsara dokar sun ga yadda shirin ilimin firamare ga kowa na 1976, wato UPE, ya taso da ƙarfi sannan ya sukurkuce da kuɗin mai ya ja baya. Ba su so jihohi su naɗe hannu suna jiran Abuja.

A tsarin da aka daɗe ana bi, rabin wancan kashi 2 ne kaɗai ke shiga haɗin gwiwa. Ragowar UBEC ke kashewa a kan littattafai, horar da malamai, yara masu buƙata ta musamman da makamantansu.

Ajiye kuɗin ma ba shi ne ƙarshen hawa da sauka ba. Jiha za ta zuba kasonta a asusu na musamman, ta rubuta tsarin aiki da ke nuna ajujuwa nawa za ta gina kuma a wane gari, UBEC ta duba ta amince, sannan jihar ta kawo shaidar yadda ta kashe na baya. Wanda ya taɓa ratsawa ta gefen firamare a ƙauye ya ga sakamakon da idonsa: ginin aji biyu ko uku mai sabon fenti, an rangaɗa masa UBEC/SUBEB da shekarar aikin a jikin bango, kusa da shi kuma tsohon gini da iska ta yaye wa kwano tun damunar bara.

To me ke hana jihohi? Wasu da gaske asusunsu ya bushe, albashi ma da ƙyar. Amma ban yarda wannan ne babban dalili ba. Kuɗi ne da ake bin sawunsa, ba a karkatar da shi cikin sauƙi, kuma aji a ƙauyen da babu kwalta ba ya jawo tafi kamar gadar sama a tsakiyar birni. Wata jihar kuma takardun kashe kuɗin baya ne suka gagare ta. A ƙarshen 2024, shugaban UBEC na lokacin, Dakta Hamid Bobboyi, ya shaida wa 'yan majalisa cewa sama da naira biliyan 135 na shekarun 2020 zuwa 2023 ba a ɗauka ba. Kafin nan, a zamanin Shugaba Buhari, sai da gwamnatin tarayya ta zare kason jihohi kai tsaye daga kuɗin Paris Club, wato rarar da aka cire musu wajen biyan bashin ƙasashen waje, da take mayar musu. Wannan ya share tsohon bashi, amma hali bai canja ba. Kuɗin da ya kwana shekara uku a asusu kuwa, tsadar siminti da kwano ta riga ta cinye wani ɓangarensa tun kafin a taɓa shi.

Akwai kuma wani lauje cikin naɗi da ba a cika magana a kansa ba. Kuɗin haɗin gwiwa daidai wa daida ake raba shi tsakanin jihohi 36 da Abuja. Kano mai ƙananan hukumomi 44 da Bayelsa mai 8 kasonsu ɗaya. Ba a duba yawan ɗalibai, ba a duba yawan yaran da ke gararamba a titi, alhali alƙaluman UNICEF da suka daɗe suna cewa yara miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta sun nuna mafi yawansu a Arewa suke. Daidaito ne a takarda, a cikin aji kuwa yaron Kano ya tashi da ɗan tsagi.

Sannan wannan kuɗi ba ya biyan albashin malami. Gini, kujeru, rijiyar burtsatse da bandaki su ne galibin abin da yake yi. Albashin malamin firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, wanda shekara da shekaru yake bi ta asusun haɗaka da gwamnoni ke juyawa. Shi ya sa za ka tarar da aji sabo fil, yara sun cika shi maƙil har bakin taga, malama ɗaya tana zirga-zirga tsakanin ɗaki biyu da guntun alli a hannu. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024, da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya ƙara dagula lissafin, domin malamai da dama suna tsoron komawa hannun ciyamomi. Yajin aikin watanni da malaman firamare na Abuja suka yi a 2025 kan mafi ƙarancin albashi ya ƙara musu wannan fargaba.

Masu neman gyara sun rabu. Wasu na so a ɗaga kashi 2 ɗin zuwa 4 ko 5, kuma an sha kai ƙudurori majalisa a kan haka. Wasu na cewa a sassauta wa jihohi rabin da ake nema, wasu kuma a riƙa zarewa daga kasonsu na wata tun daga Abuja. Ni dai ƙarin kaso bai burge ni ba muddin rabon bai koma bisa yawan yara ba, domin a 2024 kason kowace jiha ya haura naira biliyan 3.5, wanda ke nufin sai ita ma jihar ta nemo biliyan 3.5 kafin ta taɓa shi.