Waiwaye: Bikin Ravidas da Taƙaddamar Ƙidaya a Indiya

Duk shekara, ranar da wata ya cika a watan Magh na kalandar Hindu, wajajen Janairu zuwa Fabrairu, dubban mutane kan yi tururuwa zuwa unguwar Seer Govardhanpur da ke Varanasi domin bikin haihuwar Guru Ravidas. Bikin ya yi ƙarfin da a 2022 sai da aka ɗage zaɓen jihar Punjab daga 14 zuwa 20 ga Fabrairu saboda shi. Kuma da ya zagayo sai muhawara ta taso: mabiyan Ravidas 'yan Hindu ne, 'yan Sikh ne, ko addini ne mai zaman kansa da ya cancanci gurbi a takardar ƙidaya?

Ravidas mawaƙi ne mai zurfin bauta na wajen ƙarni na 15, ɗan gidan dukawa, jinsin da ake ƙyamar ko taɓawa. Waƙoƙinsa kusan 40 na cikin littafi mai tsarki na Sikh. Masu sharhi kan ɗauko zancen daga Mayun 2009, lokacin da 'yan bindiga suka kashe Sant Ramanand, ɗaya daga cikin manyan jagororin mabiya Ravidas, a Vienna ta ƙasar Austria, sai kuma Janairun 2010 da mabiya suka ayyana addinin Ravidassia ana tsakiyar bikin.

Amma ruwa ba ya tsami banza. A 1925 Mangu Ram, ɗan wani mai fataucin fata, ya dawo Punjab daga Amurka, ya buɗe makaranta a ƙauyensu Mugowal. A wannan makarantar, a Yunin 1926, aka kafa ƙungiyar Ad Dharm. A lokacin, yawan mabiya addini shi ke yanke yawan kujerun majalisa, don haka kowane ɓangare na zawarcin jinsunan da ake ƙyamar taɓawa a takarda, alhali a ƙauye ba a shan ruwa rijiya ɗaya da su. Ad Dharm ta ce a kai kasuwa: su al'umma ce daban, Ravidas ne jagoransu, gaisuwarsu “Jai Guru Dev”. A ƙidayar 1931 mutum sama da 400,000 suka rubuta Ad Dharm a matsayin addininsu, duk da matsin lambar da suka sha.

Ƙungiyar ta yi sanyi daga baya, sai cibiyar mabiya Ravidas ta Dera Sachkhand Ballan da ke kusa da birnin Jalandhar a Punjab ta ɗora. Ita ta aza harsashin wurin ibadar Ravidas da ake yin bikin a Varanasi a 1965, kuɗin cinikin fata da na 'yan ci-rani a Ingila suka raya shi.

Ƙidayar 2011 ta nuna kusan kashi 32 cikin ɗari na mutanen Punjab daga jinsunan da ake ƙyamar taɓawa suke, amma gonakin da ke hannunsu ba su taka kara sun karya ba, kuma a ƙauyuka da dama har yau wurin ibadarsu daban, wurin ƙona gawarsu ma daban.