Me ake nufi da "fim ɗin wasa ƙwaƙwalwa"?

Mako uku ke nan ana gardama a majalisarmu ta Yelwa, nan Garwa, a kan fim guda ɗaya. Fassara ce, irin waɗanda ake turawa a waya a shagunan bakin kasuwa, kuma da ganinsa ka san ba a kashe masa kuɗi ba: 'yan wasa biyar, gida ɗaya, sai wani ofishin 'yan sanda mai tebur da fanka. Babu rawa, babu waƙa, ko mota ɗaya ba a fasa ba. Labarin wani maigadi ne da ake tuhuma da ɓatan matar maigidansa. Sau uku yana ba da labarin abin da ya faru a daren, sau uku labarin yana canjawa, kuma kowane ya faɗa sai a nuna maka shi kamar haka aka yi. Har fim ya ƙare ba a ga gawa ba, ba a ɗaure kowa ba.

Mai shayinmu ya ce an cuce shi. Wani ɗan acaba ya ce bai yafe kuɗin da ya ba mai turawa ba. Sai wani yaro ɗan jami'a da ya zo hutu daga Marwa ya dubi dattijon majalisar ya ce, "Baffa, ai fim ɗin wasa ƙwaƙwalwa ne, ba irin wanda kuka saba ba." Baffa ya ajiye kofinsa ya ce, "Ɗana, wasa da ƙwaƙwalwa dai. Awa biyu ana ja mini rai, a ƙarshe a ce in je in nemo amsa da kaina?"

Wannan 'yar ƙaramar "da" da Baffa ya cusa a tsakiya ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin duk maganar a kanta take.

A rubutun boko, wasa na wuƙa da wasa na yara iri ɗaya ake rubuta su, a baki ne karin sauti yake raba su. In Bahaushe ya ce wasa ƙwaƙwalwa, na farkon yake nufi: a goga ta a dutse har ta yi kaifi, kamar yadda mahauci yake wasa wuƙarsa da safe. Da wannan sunan aka daɗe ana kiran kacici-kacici da tambayoyin lissafi a rediyo da jaridu. Da masu kallo suka fara cin karo da wani nau'in fim da bai shiga layin na faɗa ba, bai shiga na soyayya ba, sai suka ara masa sunan. Waɗanda suka yi makarantar Faransanci a nan Kamaru da Cadi suna ce masa tirila sikolojik, wato fim mai sa zullumi wanda fagen famansa yake cikin tunanin mutum.

Yawanci akwai laifi a ciki, kisa ko ɓatan wani ko cin amana. Amma laifin ba shi ne abincin ba, mahaɗi ne kawai. A fim ɗin faɗa, tun a minti goma na farko ka san jarumi, ka san bos, abin da ya rage sai jiran ranar da za su haɗu. A fim ɗin bincike tambaya ɗaya ce, wa ya aikata, kuma jami'in da kake bi ba zai yi maka ƙarya ba. A fim ɗin ban tsoro abin da ake gudu daga waje yake zuwa, fatalwa ko dodo. Shi kuwa wannan, abin tsoron yana zaune a ƙirjin mutum: kishi, ƙullaci, nadama, zargi, tunanin da ya ƙi barin mai shi ya yi barci. Kuma sau da yawa wanda aka ba ka ka riƙe a matsayin idonka a cikin labarin, shi ne wanda bai kamata ka yarda da bakinsa ba. Yana iya yi maka ƙarya da gangan. Yana iya kasancewa shi kansa ya yarda da ƙaryar. Kai da kake kallo sai ka koma alƙali ba shiri, kana auna magana da magana.

Dalilin da ya sa masu ƙaramin jari suke son wannan nau'i a fili yake. Tunanin mutum ba ya bukatar jirgi mai saukar ungulu. Ɗaki ɗaya, fuska biyu, fitila da shiru sun isa, in akwai rubutu mai kyau. Misalin da aka fi kawowa shi ne Psycho na Alfred Hitchcock, wanda ya fito a Amurka a 1960. Kamfanin da yake aiki da shi bai yi na'am da labarin ba, sai ya ɗauki nauyinsa da kansa, ya yi shi da kusan dala 800,000, kuɗi kaɗan a ma'aunin Holiwud, ba kala, da ma'aikatan da suke yi masa shirin talabijin. Jinin da ya firgita duniya a wannan fim ruwan cakulan ne. Ya kuma kafa sharaɗi a gidajen silima cewa in an fara ba a ƙara barin kowa ya shiga, saboda ya san wanda ya rasa farkon ya rasa komai. Masu sharhi sun rabu a kansa da farko, wasu sun kushe shi, amma jama'a suka yi ta layi har ya ninka kuɗinsa ninkin-ba-ninkin.

Ku riƙe wannan sharaɗi na Hitchcock, sannan ku dubi yadda mu muke kallo. A watan Janairun 2009 aka rufe manyan gidajen silima uku da suka rage a Kamaru, na Yawunde da Duwala da Bafusam, dukansu a kudu. A Injamena sai a 2011 aka sake buɗe silimar Normandie bayan ta daɗe a rufe. Mu a nan arewa silimarmu waya ce. Mutum huɗu a kan allo ɗaya mai faɗin tafin hannu, babura suna wucewa, wani ya kira, a tsaya a yi sallar isha, a dawo an manta inda aka tsaya. Fim ɗin faɗa yana jure wannan, ko ka tafi ka dawo naushi naushi ne. Fim ɗin da amsarsa take ɓoye a cikin kallon da mace ta yi wa ƙofa na daƙiƙa biyu ba ya jurewa.

Ga kuma fassara. Ina girmama masu wannan sana'a, su suka buɗe wa iyayenmu mata finafinan da da sai dai su bi hoto. Amma akwai ɗabi'ar da take kashe irin wannan fim: tsoron shiru. Inda darakta ya bar maigadin ya yi minti guda bai ce uffan ba, yana kallon hannunsa, sai mai fassara ya cika wurin da barkwanci, ko ya ce "wannan fa da alama ba shi da gaskiya". Ya yanke maka hukuncin da aka bar maka ka yanke. Rabin fushin majalisarmu, a ganina, daga nan ya taso ba tare da sun sani ba.

Wanda yake son ya ga abin da shiru yake iyawa, ba sai ya je Amurka ba. Darakta Mahamat-Saleh Haroun, ɗan Abeshe ta ƙasar Cadi, ya yi Daratt a 2006, ya ci kyauta ta musamman a bikin finafinai na Benis a Italiya. Ba a cika sa shi a wannan layin ba, amma zullumin iri ɗaya ne: saurayi da bindigar da kakansa ya ba shi, yana koyon aikin burodi a hannun mutumin da ya kashe mahaifinsa. Magana kaɗan ce a ciki, amma zuciyarka ba ta sauka.

Inda ban yarda da Baffa ba shi ne cewa ƙarshen da ba a rufe ba baƙon abu ne gare mu. Mu da muka tashi da labaran da ake kawo mutum uku, kowa ya yi bajintarsa, sai mai labari ya ce, "To, a cikinsu wa ya fi?" ya yi shiru, a kwana ana musu? Finafinan Indiya da na Kano ne suka saba mana da cewa dole a ga bos a ƙasa kafin a tashi, har muka ɗauka haka labari yake tun asali.

Inda kuma na yarda da shi, akwai finafinai da yawa da suke fakewa da wannan suna alhali wasa da hankalin mutane kawai suke yi. Marubuci ya ƙulla abin da ya kasa kwancewa, sai ya yanke fim ya ce zurfi ne. Hanyar rarrabewa ɗaya na sani: a sake kallo. Na gaskiya, a karo na biyu za ka tarar an ajiye maka komai a gabanka, kai ne ba ka lura ba. Na bogi, a karo na biyu ramukansa ne suke ƙara faɗi. Na sake kallon namu ni kaɗai, da abin sauraro a kunne. A labari na farko da na uku takalman matar suna bakin ƙofa, a na biyu babu su, kuma na biyun ne kaɗai maigadin ya faɗa ba tare da maigidan yana ɗakin ba. Wanda ya shirya wannan ya san abin da yake yi. Da na gaya wa Baffa, cewa ya yi in tura masa, kuma tun daga ranar ya daina cewa fim ɗin banza ne, ya koma cewa mijin ne.

Abu ɗaya ne ban yafe wa fim ɗin ba. A fitowa ta ƙarshe an nuna maigadin shi kaɗai yana magana da bango, an haska kwalbar magani a gefensa. Nan take majalisa ta rabu, wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce ai mahaukaci ne, shi ya kashe ta. Wannan gajeriyar hanya ce da nau'in ya daɗe yana bi, tun daga Psycho ɗin kansa: in an rasa dalilin kisa sai a jingina shi ga taɓin hankali. Alhali mafi yawan masu wannan lalura ba sa cutar da kowa, su ake cuta. A layinmu akwai wani bawan Allah da yake fama da ita shekara da shekaru, yana shan maganinsa, yana share ƙofar masallaci, bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Shekaranjiya na ga yara biyu da suka kalli fim ɗin a wayar yayansu sun hango shi tafe, suka ja hannun juna suka tsallaka titi.