Mene ne "firam" ɗin da masu hoton Maradi suka ɗora wa baki?

Kwanan nan da wuya ka ji tallar mai hoton biki a rediyo, ko ka gan ta a WhatsApp, ba a jefo kalmar nan ba. "Da firam muke aiki." "Hotunanmu duk firam ne." Har a kan iska ana fassara wa masu sauraro cewa wai firam na nufin lamba ɗaya, kamarar da ta fi kowace. Ma'aikata kuwa, da suka saba da prime ta Faransanci, wato kuɗin da ake ɗorawa a kan albashi, sai su ɗauka wani gyara ne ake yi musu a kan hoton.

Firam ba kamara ba ce, kuma ba daraja ba ce. Nau'in lens ne, gilashin da ake ɗaurawa a gaban kamara, wanda masu sana'ar a nan ke kira objektif. Shi wannan nau'in ba ya zum. In an rubuta 50mm a jikinsa, to 50 ɗin ke nan har ya mutu, in kana son kusa ka taka, in kana son nesa ka ja baya. Bafaranshe ya huta da rigima, focale fixe yake cewa. Turancin Ingilishi ne ya jawo ruɗun, don asalin kalmar daga Latin take, primus, na farko, kuma da can ana nufin uban lens ne, wanda ake ɗaura wa wasu gilasai na ƙari. Kafin kamfanin Voigtländer ya fitar da Zoomar, lens mai zum, a 1959, masu ɗaukar hoton kati da fim 35mm duk da firam suke aiki, babu wanda ya taɓa yin tinƙaho da shi.

Amfaninsa na gaskiya haske ne. Lens mai zum 18-55 da ke zuwa tare da kamara, in ka kai shi 55 ƙofar haskensa f/5.6 ce, ita kuwa lambar f iya ƙanƙantarta iya faɗin ƙofar. Firam 50mm mai f/1.8 na shigar da haske kusan ninki 10 na wannan. A ɗakin mai jego da almuru, ga labule a sake, ga wuta an ɗauke, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda samarinmu suka haddace daga YouTube cewa lens ɗin hoton mutum 85mm ne, ko aƙalla 50, suka kwaso shi ɗungurungum suka shiga gidan suna. Wanda ya koya musu yana da fili, da mutum ɗaya a gabansa, da babbar kamara. Yawancin kamarorin da ke yawo a hannun yaranmu, irin su Canon 600D da Nikon D3200, masu ƙaramin faranti ne (wato sensor, inda hoton ke sauka a cikin kamara), ba kamar babbar kamara ba, suna datse gefen hoto. A Canon sai ka ninka lambar da 1.6, a Nikon da 1.5. Wato a Canon 50 ɗin nan ta zama 80 tun kafin a danna, iya girman lambar kuwa iya ƙuncin abin da hoto zai kama.

To ɗauki tsakar gida a Bagalam ranar suna, tabarmi a shimfiɗe, tukwane a kan murhu, mata cike da anko. Mai hoto ya tsaya mita 3 daga mai jego. Faɗin abin da 50mm zai kama a Canon ɗinsa bai wuce mita 1 da santimita 30 da ɗan wani abu ba. Mai jego ta shiga, jariri ya shiga, rabin goggo ya shiga. Ya ja baya, sai katanga. Ya matso kusa ya buɗe ƙofar zuwa f/1.8 don ya sami dusashewar bayan nan da ake yayi, to a mita 2 zurfin abin da zai fito tar kamar santimita 11 ne, ko taƙi bai kai ba. Idon mai jego ya fito, matan da ke tsaye a bayanta sun narke. Ranar kawo hotuna uwar biki ta juya su ta ce, "Kai ɗan nan, ina yayata a ciki? Ai daga Tasawa ta taso." Ya ce, "Hajiya, ga ta nan a baya." Ta duba, ɗankwali kawai ta shaida.

Ni dai dusashewar nan ba ta burge ni a taron dangi. Tana da kyau in amarya ce ita kaɗai, ana son a ɓoye igiyar shanya da buta. Amma a gidan suna abin da ke bayan mai jego mutane ne, kuma su aka kira mai hoton ya ɗauka. In sahu biyu ne suka jeru dole a tsuke ƙofar zuwa f/5.6 ko f/8, a kunna filasha, a nan kuwa firam da 18-55 ɗin da ake rainawa kusan kunnen doki suke.

Wanda ya nace sai firam, ya auna gidan kafin ya auna aljihu. A babbar kamara, lens 35mm ne ke kama faɗin mita 3 daga nisan mita 3. A ƙaramar Canon, EF-S 24mm f/2.8 da ya fito a 2014 ne ke yin kusan haka. Mai ƙaramar Nikon yana da 35mm f/1.8 DX na 2009, ya fi 50 sakewa duk da ba ya kai wancan faɗin. A bar 50 a jaka sai an ja amarya ko mai jego gefe.

Mai sayen na hannu kuma ya karanta harafin ƙarshe. Nikon 50mm f/1.8D ya fi mai harafin G araha, amma ba shi da injin saiti, wato mai daidaita hoto ya fito tar da kansa, a cikinsa, D3200 da ƴan uwanta su ma ba su da shi. In ka ɗaura, da hannu za ka riƙa murza saiti, yara na tsere a gabanka.