Waiwaye: Tambayar Bankwana a Wurin Aiki, Daga Zauren Maigida Zuwa Ofis

Watannin baya wata 'yar ƙanwata da ke Aboabo ta ajiye aiki a wani kamfanin sayar da magunguna a nan Kumasi, ƙasar Ghana. Ranar ƙarshe aka miƙa mata takarda mai shafi biyu, ana tambayar dalilin tafiyarta. Ta rubuta cewa karatu za ta koma. Da daddare, tana tuƙa tuwo, sai ga gaskiya ta fito: shugabanta ne ke yi mata tsawa a gaban masu saye, ga kuɗin ƙarin lokaci na wata huɗu shiru. Na ce, "'Yata, me ya hana ki rubuta haka?" Ta ce, "Kawu, takardar shaidar aikina fa tana hannunsa."

Rabuwar maigida da yaronsa ba baƙon abu ba ne a Zango, unguwar Hausawa da sauran baƙi a nan. Tun zamanin fataucin goro, lokacin da ayari ke ɗauko goron ƙasar Asante ya bi ta Salaga zuwa Kano, yaron da ya yi shekaru yana hidima akan sallame shi da jari da addu'a. In yana da ƙorafi, ba ya faɗa a gaban idon wanda ya ci tuwon gidansa. Wurin liman ko wani dattijo yake kaiwa, shi kuma ya san lokacin da zai isar da saƙon ba tare da kowa ya ji kunya ba. Har yau haka almajiran makanikai ke yi a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi.

Aikin albashi ya zo da nasa tsarin. An kafa babbar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa a 1945. Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, ta fayyace wa'adin sanarwa kafin a bar aiki ko a sallami ma'aikaci: wata guda ga mai yarjejeniyar shekara uku ko fiye, mako biyu ga wadda ba ta kai haka ba, kwana bakwai ga mai aikin mako-mako. Ita ce kuma ta kafa Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa. Sai dai ba ta wajabta a zaunar da mai tafiya a ji ta bakinsa ba. Wannan ɗabi'a ta manyan kamfanoni ce, irin su bankuna da kamfanonin waya, daga nan ƙanana suka kwaikwaya.

Abin da ke damuna shi ne, an kwaso takardar an bar dattijon. Wanda ake ƙorafi a kansa, sau da yawa shi ne mai yin tambayar, ko shi zai fara karanta amsar. Kuma Kumasi ba ta da girman da mutum zai ɓace a cikinta. Gobe za ku haɗu a kasuwar Kejetia, jibi a wurin suna ko jana'iza. Wa zai ɓata zumunci saboda takarda? Shi ya sa amsar ba ta wuce "ba komai, na gode".

Mai kamfanin da ke son jin gaskiya ya fara biyan mutum haƙƙinsa, ya miƙa masa takardar shaida, ya tabbatar kuɗin fanshonsa na hukumar SSNIT sun shiga, tukuna a yi zancen tambaya. A bari a yi wata ɗaya ko biyu zuciya ta huce, a sa wani wanda ba shugabansa ba ya kira shi. In an ji ƙorafi ɗaya daga bakin mutum uku, a gyara a idon waɗanda suka rage.

Ita dai 'yar tawa takardar shaidarta ta fito. Yanzu muna shirin rubuta wa kamfanin wasiƙa kan kuɗin wata huɗun nan, in ba su amsa ba mu kai maganar ofishin ƙwadago.