Hangum: ba kowane kumburin ƙasan kunne ba ne

Kwanan nan duk inda ka juya sai ka ji ana maganar hangum. Yaro ya tashi da kumburin kumatu, hangum. Dattijo yana kwance a asibiti gefen muƙamuƙinsa ya tashi, hangum. Abin da ya tunzura ni shi ne wata baiwar Allah da ta kira wani shirin lafiya a rediyo, muryarta na rawa, tana cewa hangum ya dawo mata karo na uku a shekara guda. Mai gabatarwa ya ce, "Hajiya, sai haƙuri, haka hangum yake," ya ɗauki kira na gaba. Raina ya ɓaci, domin ba haka hangum yake ba.

Hangum ciwo ne guda ɗaya tak. Bairos ke kawo shi, ana ɗaukarsa ta tari, atishawa ko yawu. Yakan yi kwana 16 zuwa 18 a jiki kafin ya bayyana, ya kumbura maɓuɓɓugar yawu da ke gaban kunne, sau da yawa gefe biyu, cikin kwana 10 ya lafa. Wanda ya yi shi sau ɗaya da wuya ya sake. Allurar rigakafinsa ta fito tun 1967, kuma maganin kashe bakteriya ba ya yi masa komai.

To me ke damun sauran mutanen? Manyan maɓuɓɓugan yawu shida ne: biyu a gaban kunne, biyu a ƙasan muƙamuƙi, biyu a ƙarƙashin harshe. A rana suna zubo yawu kimanin lita guda, kuma gudanar yawun ce ke wanke bututun da yake bi. Da zarar ya tsaya, saboda ƙarancin ruwa a jiki, ko doguwar jinya, ko magani mai busar da baki, sai bakteriyar baki ta hau bututun, galibi wadda ake kira Staphylococcus aureus. Wannan yawanci gefe ɗaya yake kamawa, wurin ya yi ja ya ɗau zafi, in an latsa mugunya ta zubo cikin baki. Ba a ɗaukarsa daga wani. Shi ne mai buƙatar maganin kashe bakteriya.

Zatona dai matar nan tsakuwar da ke toshe bututun yawu ke damunta. Bututun maɓuɓɓugar ƙasan muƙamuƙi sama yake hawa kafin ya buɗe a ƙarƙashin harshe, yawunta kuma mai kauri ne, shi ya sa kusan 8 cikin 10 na tsakuwar yawu a nan take haɗuwa. Mai ita zai zauna cin abinci lafiya ƙalau. Loma ɗaya, biyu, sai ya ji suka, ya kai hannu ya tarar ƙasan haɓarsa ya tashi kamar an cusa ƙwai. Yawu ne ya taso ya tarar hanya a toshe. Bayan awa ɗaya ko biyu ya sace, gobe ya maimaita. Muddin tsakuwar na nan, ƙwayoyin cuta za su yi ta samun mafaka, ko kwalin magani nawa aka shanye.

Dubi lemun tsami kawai ka ga ɓarnar da suna ɗaya ke yi. Mai hangum ana hana shi tsami, don yana ƙara masa azaba. Mai toshewar bututu kuwa likita ne da kansa zai ce ya tsotsi abu mai tsami, ya sha ruwa sosai, ya gasa wurin da tsumma mai ɗumi, ya riƙa murzawa a hankali daga baya zuwa gaba don yawu ya gudana. In duka sunansu hangum, wace shawarar mara lafiya zai bi?

Wanda na fi tausaya wa shi ne mai murmurewa daga ciwon bakteriyar. Zazzaɓi da raɗaɗi sukan sauka cikin kwana biyu ko uku da fara magani, amma taurin wurin yakan ɗauki makonni kafin ya saki. Kaluluwar wuya ma ba ta baje da wuri. Baki na iya bushewa, ko a riƙa jin ɗanɗanon gishiri. Sai ka ga mutum ya wuni gaban madubi yana lalubar muƙamuƙi, yana ƙara tsokano wurin, yana tsoron ciwo ya dawo. Indai kullum raguwa yake yi, warkewa ce ke tafiya da nawarta. A shanye maganin zuwa ranar da likita ya yanke, a cire hannu daga wurin.

Akwai dai alamun da ba a yi musu haƙuri: zazzaɓi ya dawo, ko mugunya ta sake fitowa, ko kumburi ya riƙa tashi duk lokacin cin abinci, wanda hoton sikanin kan nuna ko tsakuwa ce. In haɗiya ko numfashi ya fara wuya, asibiti ake nufa a daren nan, ba a jiran safiya. Ƙullutu mai tauri kuma da ba ya ciwo amma yana girma, ko gefen fuska ya saki, shi ne mutane suka fi rainawa don ba ya hana su barci, alhali shi ya fi buƙatar likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya duba.