Waiwaye: Yadda waken suya ya mamaye abincin aladu

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, masu kiwon aladu a Turai da Amurka ba su yarda alade zai girma da kayan tsiro zalla ba. Sai an haɗa masa da garin kifi ko ragowar mayanka, in ba haka ba ya tsumbure. A 1948 aka tace bitamin B12, wanda shi ne babban abin da tsiro ya rasa. Da aka fara zuba shi a abinci, sai masara da tunkuzar waken suya suka wadatar.

Waken suya bai samu wannan matsayi a banza ba. Tunkuzarsa na da furotin kashi 44 zuwa 48 cikin ɗari, kuma tana da yawan laisin, sinadarin gina tsoka da hatsi ke ƙarancinsa. Amma sai an gasa shi, domin ɗanyensa na hana hanji narkar da furotin. Tun 1917 masu bincike Osborne da Mendel suka ga ɓeraye sun fi girma da dafaffen waken.

Sauran tushen furotin kuwa, kowanne da cikas ɗinsa. Angurya na da gubar gosifol da ke illata alade. Tunkuzar gyaɗa ba ta da isasshen laisin, sunanta kuma ya ɓaci a 1960, lokacin da gubar afalatoksin da ke cikinta ta kashe talotalo kusan 100,000 a Ingila. Sai a 1974 Kanada ta fitar da irin tsiron mai da ya zama kanola, mai ƙarancin sinadaran da ke hana dabba cin abinci. Da cutar haukan shanu ta sa Tarayyar Turai ta haramta furotin na ragowar dabbobi a 2001, dogaro da waken suya ya ƙara tsanani.

Inda nake ganin an fi sakaci shi ne batun nama. Ana ta auna nauyin alade, ana mantawa da kitsensa. Alade ba ya tuƙa kamar saniya, don haka man da ya ci kusan yadda yake yake taruwa a jikinsa. Idan laisin ya isa, sauya tushen furotin ba ya canza tsoka sosai. Ragowar man da ke cikin tunkuzar shi ke barin tabo. Manoman kudancin Amurka sun ga haka tun shekarun 1920: aladun da aka kiwata da gyaɗa kitsensu ya yi ruwa-ruwa, mahauta suka karya musu farashi. Matsalar ta sake dawowa bayan 2005, da aka shiga ba aladu dusar masarar da ke fitowa daga masana'antun itanol, man da ake haɗawa da fetur. Kitse mai laushi ba ya yankuwa da kyau, kuma yana saurin lalacewa a ajiya.

Yanzu Sin, wadda ta fi kowace ƙasa sayen waken suya, tana rage shi a abincin dabbobi, tana cike giɓin da laisin na masana'anta da wasu tunkuzoji.